Ɗigon Dona Zulmira

Tun tana ’yar shekara tara Dona Zulmira take tsugunne a gindin saniya a kan tsaunukan Canastra, yanzu kuwa ta ba sittin baya. Mijinta Onofre ya rasu ya bar mata shanu goma sha ɗaya, da rufi mai yoyo, da ’ya guda, Cleonice, wadda ko barci take waya na hannunta. Cuku Zulmira take yi kamar kowa a yankin. Abin da ya bambanta nata shi ne ɗigo, wato ruwan da ke tsiyayowa daga cukun jiya bayan an barbaɗa masa gishiri. A ’yar roba ake tara shi, da safe a zuba cikin sabuwar madara, shi ke ba cukun kowane gida ɗanɗanonsa. Nata na uwarta ne, a kwalba ta zo da shi ranar da ta tare. Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa yankewa ba. Ko ranar da za a binne Onofre sai da ta tatsa ta zuba kafin ta sa baƙaƙen kaya.

Cleonice ce ta jajibo musu aiki. Ta sa sunan gonar cikin gidajen da ’yan birni ke ziyarta, wai don su tallafa wa ƙananan makiyaya. Tallafi! Duk Asabar sai bas ta juye mutum ashirin masu fararen takalma a bakin garke. Wannan ta ce sai ta yi tatsa da faratanta zaƙo-zaƙo, wancan ya rungume maraƙi a ɗauke shi hoto har uwar ta hana nono. An taɓa yin wani mai gemu da ya tambaya ko shanun suna cikin farin ciki.

"Ga su nan, tambaye su," in ji Zulmira.

"Haba Mama, ki riƙa ɗan murmushi mana," Cleonice ta raɗa mata.

"In yi wa wa? Sun shanye min kofi, sun cinye burodin cuku faranti uku, sannan su sayi rabin cuku su huɗu."

Wata Asabar Cleonice ta roƙe ta kada ta zuba ɗigon sai baƙi sun iso, su gani da idonsu. Zulmira ta yi tsaki, amma ta haƙura. Cikin baƙin akwai wata malamar asibiti daga São Paulo, Marilene, mace mai kirki, irin kirkin da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ana can baranda ana shan kofi, ita kuwa ta sulale ɗakin cuku don ta rage wa tsohuwa aiki. Da Zulmira ta shigo da jama'a a bayanta, sai ta tarar da robar a kife, tana ƙyalli, tana ƙamshin sabulu. Har katakon da cukun ke kai an goge shi tas.

"Ina ruwan da ke cikin nan?" in ji Zulmira.

"Wannan mai tsamin? Ai na zubar miki, Inna. Na ga ya kwana."

Zulmira ta matsa wajen katakon. Ta taɓa cukun jiya, ya gama tsiyaya, ko ɗis babu. Da zagi Marilene ta yi mata, da ta san abin da za ta rama da shi. Amma yaya za a yi da mai murmushi, hannunta duk kumfa, tana jiran godiya? Ta ji kamar yau uwarta ta mutu, ga kuma madara cike da randa tana hucewa, ita kuwa madara ba ta jiran kowa ya gama baƙin ciki.

A nan ba a sayar da ɗigo, ba a kuma hana wanda ya roƙa. Matsalar ita ce gida mafi kusa na Iraci ne, kuma shekara talatin ke nan Zulmira tana gaya wa duk mai kunne cewa cukun Iraci ɗaci ne da shi, ko kare sai ya yi shawara kafin ya ci. Ta ɗauki kwalba ta bi ta makiyaya, tana tafe tana ƙwafa.

Iraci na shanya a tsakar gida. Ta dubi kwalbar, ta dubi mai kwalbar.

"A'a! Yau sarauniyar cuku ce a gidan masu ɗaci? Lafiya?"

"’Yan tallafi ne suka tallafe ni. Zuba min, madara na jira."

Iraci ta shiga ta ciko kwalbar har wuya. Ba ta sake ta nan da nan ba.

"Ki daina ɓata fuska kamar an ba ki guba. Shekarar da ruwa ya ci min ɗakin cuku, nawa ya mutu. Uwarki ce ta hau jaki ta kawo min nata, ta ce kar in gaya miki, wai bakinki ba ya da ƙofa. Shi nake juyawa har yau."

Zulmira ta cire murfin ta shinshina. Idonta ya ciko, haushi kuma ya turnuƙe ta, don ba ta son Iraci ta gani.

"To don Allah, ke da kike da abin uwata a hannu, yaya aka yi cukunki ke ɗaci?"

"Yaushe kika taɓa ɗanɗana shi, Zulmira?"

Zulmira ta mayar da murfin kwalbar. Ba ta taɓa ba, ko sau ɗaya.