Tabarmar Malam Garba

Ranar Talata kasuwa ta fara cika, ina jera ƙoruka da faya-fayai a bakin rumfata, sai ga Labbo maƙerin Tsibiri tsaye a kaina. Labbo mutum ne da kan gaishe ka har ya tambayi lafiyar akuyarka, amma ran nan sallama kawai ya yi, ya ce, "Malam Garba ya cika." Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na rufe rumfa muka nufi Bakura.

Malam Garba malamin zane ne da ya yi ritaya. Shi ya ƙirƙiro Zaman Damina. Duk dogon hutu, bayan an gama maimai manomi ya ɗan samu sarari, yakan tara marina da maƙera da masu ginin tukwane da mawaƙa, ya haɗa su da ɗalibai da masu lacca a farfajiyar wata makaranta. Maganar guda ce kullum: yadda mai fasaha ke tsallake abin da ya tare masa hanya.

Dokarsa ɗaya ce. Akwai tabarma a tsakar taro, kuma ba mai buɗe baki sai ya ɗora mata wani aikinsa da ya lalace. Yakan ce, "Wanda bai taɓa ɓata aiki ba ya zauna ya saurara." A nan Inna Hajo ta Dakko ta ajiye tulun da ya tsage a wuta, ta ba da labarin shekarar da zuwa ramin yumɓunta ya gagara saboda tsoron daji, da yadda ta yi ta daka tsingaro tana gaurayawa da baƙuwar ƙasa har tukwanenta suka daina fashewa. Ni na so in zille. Na ce, "Malam, ni ɗan kasuwa ne, ba na sassaƙa komi." Ya ce, "Kawo ƙwaryar da kay yi ta yabo har bakinka ya bushe, ba a saya ba." Na kawo, aka yi dariya, na yi laccata.

Da ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Bai ajiye alƙalami ba, ya koma hagu. Wata rana ya zana kwalekwale a ruwan Bakolori ya nuna wa Labbo.

"Mi kag gani?"

"Takalmi, Malam."

"Madalla. Da rani ko takalmin ban iyawa."

Wannan zanen ya tanada don tabarmar bara. To amma kafin nan zaman ya yi suna, kuma abu in ya yi suna ba ya rasa masu manyan riguna. An naɗa kwamiti, wai don a hutar da Malam. Da aka ji baƙi na tafe daga Gusau, shugaban kwamitin ya dubi tabarma ya ce tarkacen nan zai ba mu kunya. Aka share tulu, aka share zane, aka naɗe tabarma, aka jera kujerun roba.

Na yi shekara da shekaru a kasuwa, na ga mai juya tsagin ƙwarya ya fuskanci bango, kuma ban cika ganin laifinsa ba. Amma ban taɓa ganin an ɓoye mai kaya an baje kayansa ba sai ran nan. Malam na can layin baya, shugaba na kan dandamali yana laccar juriya, yana nuna shi da yatsa, "Ku dubi bawan Allah can, abin koyi ne." Ba a ba shi lasifika ba, wai maganarsa ba ta fita. Mu da muke jin sa sarai fa? Na miƙe zan yi abin da aka san ni da shi, sai ya riƙe mini riga da hagun nan. Ya ce, "Zauna, nan ba rumfarka ba ce. Tai ka ɗauko min takalmina." A bola na tsinto zanen, bayan aji. Ya kaɗe shi a gwiwa, ya ninke, bai ƙara tada maganar ba har ya bar duniya. Shi ya yafe. Ni ina nan ina ƙoƙari.

A zaman makoki shugaban ya zo da mota da dogon jawabi. Ya ce bana za a yi taron a zauren otal a Gusau, da sunan marigayi, saboda hanyarmu ba lafiya. Hanyar da Inna Hajo ke biyowa da tukwane kowace Talata ke nan. Wa zai bar gero na bununi ya tafi Gusau? Wane maƙeri za a bari ya wuce mai gadi? Sannan ya aika cikin gida a ba shi kyawawan zanen Malam na ratayewa. Inna Ige, matar marigayi, ta aiko da amsa: "Waɗanda ya zana da hannun dama, shugaba ya kwashe. Na hagu ba nashi ba ne." Da la'asar ta sa aka miƙo mini tabarma a naɗe, kwalekwalen na ciki.

Saboda haka duk mai karanta wannan ya sani: bayan maimai za mu shimfiɗa ta a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, zanen ne zai fara hawa. Shi ma shugaba muna gayyatarsa, kuma za mu ba shi dama ya yi magana. Yana da abin ɗorawa. Sai ya zo da zaman bara da ya ɓata.

Allah Ya jiƙan Malam Garba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Inna Ige da 'ya'yansa haƙuri, Ya zama gatansu. Mu kuma, in tamu ta zo, Allah Ya karɓi ɓatattun ayyukanmu da rahamarSa. Amin.