Jirgin Nura a Cikin Sito

Daga Gumel zuwa Dubai

Ba a kira sallar asuba ba muka bar Gumel, ni da Kawu Ɗanjuma, yayan mahaifiyata. Asibitin ido zan raka shi Dubai. Idon hagu ya daɗe da tafiya, na dama yana gani dishi-dishi, likita kuma bai ɓoye mana ba: aikin zai iya gyarawa, zai iya tafiya da ɗan abin da ya rage. A shingen farko ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Baba, sai ina da duku-duku haka?" Kawu ya ce, "Teku za ni, yaro."

Wannan maganar teku aikin ɗansa ne Nura, taubashina, mai harkar kago, wato jigilar kaya, a can. Shekara guda ke nan ya ishe mu da hotunan wani jirgin ruwa mai inji da ya saya hannun wani Bature, har da hular kyaftin, mutumin da ko tafki ba ya shiga ya wuce gwiwa. Mu dariya muke yi, ashe Kawu ya riƙe abin a ransa. So yake ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa kafin a taɓa idon.

Mun karya da shayi da ƙosai a Kano, jirgi ya ɗaga da la'asar, muka yada zango a Adis Ababa. Gari na wayewa muka sauka Dubai.

Bur Dubai, Litinin

Nura ya kai mu masauki, wani fulat a saman shagunan yadi. Aka kawo shinkafa da rago, Kawu bai ko wanke hannu ba ya ce, "Ina jirgin?"

"Yana hutun sanyi, Baba."

Na ajiye cokali. Na ce, "Alhaji kyaftin, wane sanyi? Ni fa gumi nake." Ya yi mini bayani da isa irin ta masu jirgi: Baturen ya ce a ƙasarsu da zarar sanyi ya shigo ake fitar da jirgi daga ruwa, a zuba masa maganin hana ƙanƙara, a naɗe shi sai bazara. Nura ya bi wannan sau da ƙafa. Abin da bai tambaya ba shi ne ko ruwan Dubai ya taɓa daskarewa. A nan lokacin sanyi ne kowa ke fita teku, da zafi ake ajiyewa. Shi kuwa ya bar nasa cikin ruwan gishiri duk tsawon zafi, iska na yin daɗi ya kulle shi. An sa aikin Kawu ranar Alhamis.

Ras Al Khor, Talata

Da hantsi muka shiga tasi zuwa unguwar sito-sito da garejoji. Nura ya yaye tamfol, sai na nemi wurin zama don dariya. Jirgin na kan tirela, cike maƙil da kwalaye: turare, takalman mata, filasan shayi. Bakano ba ya ganin fili ya bar shi haka nan. Duk ɗan kasuwar da kwantenarsa ta cika sai ya ce, "Alhaji, ga 'yar ajiya," Nura kuma ba ya iya cewa a'a. Ajiyar mutum kuwa ba a taɓa ta sai da saninsa, don haka muka wuni muna kiran waya Kantin Kwari da Maraɗi. Wata Hajiya sai da aka nuna mata kwalayenta ɗaya bayan ɗaya ta bidiyo kafin ta yarda a sauke su ƙasa.

Bayan azahar makanike ya zo, Idi, mutumin Nijar. Ya ɗaura batir, inji ya yi tari ya tashi, bai daɗe ba ya ɗau zafi. Idi ya kashe ya ce, "Patron, in ka fito teku kana wanke cikinsa da ruwan famfo?"

Nura ya ce, "Abin da ya wuni a ruwa kuma wane wanki?"

Gishiri ya toshe hanyoyin ruwan da ke sanyaya inji, 'yar robar famfon da ke tura ruwan ta bushe ta tsattsage. Idi ya ce gyara sai mako mai zuwa, khalas, shi ke nan. Na buɗe baki zan tsokani Nura, sai na ga fuskarsa na fasa. Wallahi ya ba ni tausayi. Ya ce a hankali, "Sani, da nawa jirgin na yi wa Baba alkawari, ba na haya ba."

Bakin teku, Laraba

Idi ne ya kawo dabara. Wani abokinsa na da jirgi, zai ja namu da doguwar igiya. Aka kankare ƙwarin ruwan da suka manne a gindinsa, mota ta ja tirela zuwa gangaren sauke jirage. Muka sa wa Kawu rigar ruwa mai hana nutsewa a kan babbar riga, muka zaunar da shi kusa da sitiyari. Nura ya roƙe ni kada in ce wa Kawu uffan, ya tsaya yana murɗa sitiyari da ƙarfi kamar da gaske.

Da muka bar gaɓa, benaye suka koma baya, Kawu ya fuskanci teku. Ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya daɗe yana duban inda ruwa ya haɗe da sama. Ya sa hannu ya ɗebo, ya ɗanɗana, ya tofar. "Allahu Akbar. Da gaske ba shi da ƙarshe." Hawaye ya zubo mini, na ce iska ce.

A hanyar komowa ya ce, "Nura, injin naka akwai ladabi, ko tari ba ya yi. Wannan igiyar ta gaba fa, ta ado ce?" Nura ya sunkuyar da kai. Kawu ya dafa shi ya ce, "Tun a gaɓa na gan ta. Tuƙa mu, Allah ya yi maka albarka."

Komawa gida

An yi aikin ranar Alhamis. Bai zo yadda muka roƙa ba, yanzu haske da duhu kawai Kawu ke bambancewa. Da likita ya sallame mu muka biyo ta Adis, muka kwana Kano, muka iso Gumel ana kiran magariba. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga Idi da abokinsa. Nura ya kira ya ce an gyara injin, yanzu har wanka yake yi masa.

Masu zuwa dubiya sukan tambayi Kawu yadda asibiti ya kasance. Ba ya biye musu. Sai ya gyara zama ya ce, "Ku bar wannan. Na ga teku da idona, a jirgin ɗana." Maganar igiya kuwa har yau bai yi wa kowa ba.