Tiyar Malam Hashimu

Abin da nake da shi a ƙauyen nan ranar Larabar ba shi da wuyar faɗa: buhu arba'in na waken suya, motar ɗaukar kaya da na saya bayan shekara goma sha tara ina haya, sai kuma kaina. Kaina ya fi su tsada. Duk mai harkar hatsi tsakanin Gusau da Tsafe ya san idan ɓarayin daji suka kama ɗan kasuwa, sai an sayar da gidansa da shagonsa kafin ya ga 'ya'yansa, in ma ya gan su.

Na bar gidana a Sabon Garin Gusau bayan sallar asuba. Ƙarfe takwas ina kasuwar wani ƙauye a bayan Kucheri. Mata na suyar ƙosai, manoma na sauke kaya daga amalanke.

Malam Hashimu ne mai awo a kasuwar. Dattijo ne siriri, kuma manoma ba sa yarda kowa ya auna musu sai shi. Ranar na zo da tiyata, kwanon awon da na sa maƙeri ya bubbuga wa gindi don ya ci ƙarin tafi guda. Ba ni kaɗai ke yi ba. Na miƙa masa. Ya juya ta, ya shafa gindin da yatsa, ya maido mini a gaban jama'a.

"Alhaji, wagga ta yi ciki. Kai ta gida ta haihu."

Aka kwashe da dariya. Na ce masa daga yau ba zai ƙara auna mini ko ƙwaya ɗaya ba. Ya ce Allah ya ba mu alheri, ya ci gaba da awo da tsohuwar tiyarsa.

Goma saura kwata na tuɓe babbar riga ina taya Bitrus direbana loda buhuna. Da dako na fara, har yau ban iya tsayawa ina kallo ba. Sai muka ji babura daga arewa. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Harbi ya biyo baya. Na cusa riga da hula da waya ƙarƙashin buhu.

"Kowa ya kwanta! Fuska ƙasa!"

Ɓarayin suka jera mu gindin tsamiya, mu kamar talatin. Babbansu ya ce mai motar nan suke nema.

"Ku buɗe hannu!"

Haka suke gane ɗan birni, tafinsa da laushi. Wanda ya zo kaina ya murza tafina, ya ji kanta irin ta manomi, ya wuce. Bitrus ma ya tsira da baƙin mai a farcensa da tsummar rigarsa.

Sai suka jawo Malam Hashimu. Sun san duk mai sayen hatsi ta hannunsa yake bi. Taku uku ne tsakaninmu. Awa biyu da suka wuce na ci mutuncinsa. Na fara kalmar shahada.

"Tsoho, ka san shi?"

"Na san shi."

"Nuna shi!"

"Ba ni nuna shi."

A raina ina ihu: ka ce ya koma Gusau! Ka ce ya gudu! Bai yi ƙarya ba, bai kuma dubi inda nake ba. Suka buga masa gindin bindiga a baki. Suka sake tambaya. Ya tofar da jini.

"Baƙon kasuwarmu ne. Ba ni nuna shi."

Harbi biyu. Na ji faɗuwarsa, ban ɗaga kai ba.

Wajen goma da rabi ƙarar jirgin sojoji ta taso daga yamma. Suka ruɗe. Suka watsa wa motar fetur suka kunna wuta, suka hau babura. Muka tashi a guje.

Na faɗa gonar dawa, Bitrus na bayana. Takalmina ya fita, ban tsaya ba. Ganye na yankar fuska. Muka wuce wata mata da goyo tana kiran sunan 'yarta, muryarta ta dishe. Azahar ta same mu kwance cikin rafi, ruwa har wuya, babura biyu na wucewa ta sama. La'asar muka fito titi. Motar itace ta kai mu Tsafe. Ana kiran magariba na shiga gida a Gusau, matata ba ta gane ni ba sai da na yi magana.

Iyalin Malam Hashimu sun koma wajen dangi a Bungudu. Na je gaisuwa ranar bakwai. Na faɗa wa Inna, matarsa, duk abin da ya faru, har da zancen tiyata. Ta ce haka yake, ko a gida. Na roƙi tiyarsa, da aka tsinta a gindin tsamiya. Ta ba ni. Da ita ake awo a shagona yanzu.

Buhu arba'in sun ƙone. Mota ta ƙone. Gidana na nan, shagona na nan, 'ya'yana shida suna ganina kullum. Malam Hashimu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Godiyar da nake masa bai ji ta ba. Maganar ƙarshe da ya ji daga bakina ita ce ba zai ƙara auna mini ba. Haka kuwa aka yi.