Tsibirin da Kaka Yake Zanawa

Jiya na nemi layinmu na unguwar Karantina a taswirar waya, sai fili na gani, an rushe gidajen. Nan take na tuna Kaka.

Bayan la'asar yakan tsoma yatsa a shayi, ya zana mana tsibirinsu na Tafkin Chadi a kan farantin ƙarfe: nan masallaci, nan wurin bandar kifi. Ban taɓa yarda akwai tsibirin ba. Ina kwafe zanen a littafina a ɓoye, na kuma lura kullum sai ya canza. Wata rana na daure na nuna masa.

"Kaka, jiya masallacin yana bakin ruwa, yau kuma ga shi a tsakiya."

Ya dube ni ta saman kofinsa. "Jiya shekarar ambaliya na zana maka, yau shekarar fari. Halas, ya isa haka, ɗan boko, sha shayinka."

Na sha, amma ya ga ban gamsu ba. Har ya rasu ban sami wanda ya san tsibirin ba, ban kuma ce masa na yarda ba.

Allah ya jiƙanka, Kaka, ya zaunar da kai inda ba a sake ƙaura.