Ɗakin Kaka Mai Koren Layi

Kakata ba ta yarda a ɗauki muryarta ba. Na yi lallami, na yi tsokana, na ce ai ni ne mijinta na wasa kuma na ba da izini, ta ce in riƙe izinina. A wurinta muryar mace ba abin da za a ɗura a waya ba ne har mazan da ba ta sani ba su riƙa saurare. Amma ta yarda ta yi magana ni kuma in buga a kwamfuta, bisa sharaɗi guda.

"Kar ka haɗa maganata da taka, mai gida," in ji ta. "Abin da ni ce, shi zamna shi kaɗai. In ka haɗa ban yafe ba."

A lokacin ina koyar da kwamfuta a Sinnar, sai ƙungiyar matasan ƙauyenmu ta ɗora mini aikin yin shafin intanet da za a tara tarihin gidaje. Tsofaffi na ta tafiya, yaranmu kuma Larabci ya fi zama a bakinsu. Aka haɗa ni da taubashina, ɗan kawuna. Kakarmu ɗaya, a kwano ɗaya muka ci tuwo, kuma tun muna yara ba ya iya yi mini sallama sai ya haɗa da zolaya. Ina son shi ƙwarai, wannan ba zan ɓoye ba.

Irin wannan shafi ba a gina shi ɗaya-ɗaya. Ƙalib ake yi, kamar na buga tubali, kowane gida a zuba labarinsa a ciki ya fito da siffa ɗaya. A tsakiyar ƙalib ɗin akwai babban akwatin rubutu mai maɓallai a samansa, kuma mai saiti ne ke zaɓar maɓallan da za a bari. Na san halin matasanmu, in na bar musu launuka sai shafin ya koma zanen biki. Na cire launi, na cire girman harafi, na bar kaurara rubutu, da sakin layi, da saka hoto. Sannan, saboda sharaɗin Kaka, na ƙara na huɗu. In ka danna shi sai wani ƙaramin fili ya buɗe a cikin akwatin, da koren layi a gefensa, rubutu na tafiya daga hagu zuwa dama. Nan ne za a sa maganar tsofaffi da Hausarsu, yadda ta fito daga bakinsu. A wajen filin kuma mu yi taƙaitaccen bayani da Larabci.

A ƙasan saitin akwai wani ɗan gurbi da ke tambaya: abin da ba ya cikin maɓallan da aka yarda da su, a ƙyale shi ko a share shi har da abin da ke cikinsa? Na bar shi a kan ƙyalewa. Na nuna wa taubashi da yatsa, na ce ko da wasa kada ya taɓa nan. Ya yi dariya ya ce, "Ya zol, mutumina, kai da tsoro! Halan aljani ka ɗaure ciki?"

Ranar da na kai wa Kaka kwamfutar, ta daɗe tana kallo. Ba ta karanta boko, amma ta ga koren layin.

"Wanga mi ne ne?"

Na ce nan ne maganarta za ta zauna, ba mai shiga.

"To, ɗakina ke nan," in ji ta. Tun daga ranar haka muke kiran shi.

Kowace Juma'a da hantsi muke zama a gindin darbejiya, ana dafa gahawa, ita tana magana ni ina bugawa kai tsaye a cikin ɗakin nata. Wannan kuskurena ne, ban ajiye ko'ina ba sai nan. Ta faɗi yadda suka taso daga yamma a ƙafa tana 'yar mitsitsiya, da inda jakinsu ya mutu, da yadda ubanta ya nufi Makka ya tsaya cirar auduga ta shekara ɗaya bai ƙara gaba ba. Ta faɗi sunayen da ake jifansu da su a kasuwa. Ta faɗi yadda ta haifi mahaifiyata tsakanin kunyoyin auduga kusa da Makwar, aka naɗe jaririyar a buhu. Taubashi ya zauna da mu sau da yawa. A wurin labarin buhun har na ga yana share ido. Bayanina na Larabci kuwa layi biyar ne masu ladabi: sun zo daga yamma, sun zauna, sun yi noma.

Kaka ta rasu da damina. Ba da jimawa ba aka tura ni Suki in yi zango guda a wata makaranta inda waya ba ta kamawa sai ka hau tudu. Na ba taubashi kalmar sirri ta babban mai saiti, ban ko yi tunani ba. Wa zan ba in ba shi ba?

Bayan wata huɗu na dawo na buɗe shafin gidanmu. Hoton Kaka na nan, layukana biyar na nan, ɗakinta babu. Na buɗe na maƙwabta, haka. Duk inda tsoho ya yi magana da Hausa an share. Na shiga saiti. An cire maɓalli na huɗu, an mayar da gurbin nan kan sharewa, an danna a zartar a kan dukkan shafuka. Kwamfutar ba ta yin wannan sai ta tambaye ka sau biyu. Tsoffin kwafi kuma makonni kaɗan ake riƙe su, lokacinsu ya wuce tuni.

Na sami taubashi da rana a kasuwar Sinnar, wajen mai shayi. Da ya gan ni sai ya ɗaga hannu.

"Ga bawana ya dawo! Ya zol, Suki ta rame ka."

Na ce ba wasa ya kawo ni ba. Ya ce ma'alesh, in yi haƙuri, yana gyara ne na'urar ta yi abinta. Na tuna masa cewa na'urar tana tambaya sau biyu. Ya juya cokali a kofi har na gaji da jin ƙararsa, sannan ya faɗi gaskiya. Yana neman auren 'yar wani ɗan kasuwa a Wad Madani. 'Yan'uwanta sun fara bincike, sunansa kuma na kan shafin a matsayin mai kula. Cikinsu akwai mai jin Hausa.

"Kana so su karanta an haihi gwaggona cikin gona an sa ta buhu? Khalas, shi ke nan, abin ya wuce. Wa ka karatun Hausa yanzu, in ba kai ba?"

Da goge shafin gidanmu kaɗai ya yi, da na ce tsoro ne ya kama shi. Amma ya bi ta saiti don kada a ga hannunsa, ya kwashe maganar tsofaffin ƙauye gaba ɗaya don ya ɓoye buhu guda. Kuma ya bi ta daidai wurin da ni na nuna masa da yatsana. Ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba. Na tashi na bar shayin.

Na mayar da maɓallin a ranar, na sauya kalmar sirri. Tsofaffin da ke raye na sake bin su gida-gida. Ɗakin Kaka kuwa ya dawo da koren layinsa, ba kowa a ciki.

Ban gaya wa mahaifiyata ba, don kawuna yayanta ne, ban so in raba su. Sai wata Juma'a ta gan ni da kwamfuta a gindin darbejiya, ta jawo tabarma.

"Karanta mini inda Inna ta yi zancen haihuwata. Kewarta ni ka ji."

Na kalli filin da ba komai. Na san labarin, na ji shi da kunnena, sai na fara faɗi ina bin allon da ido kamar mai karatu. Na yi jimla uku. A ta huɗu ta ɗora hannu a gwiwata.

"Tsaya. Wagga ba maganar Inna ba ce. Taka ce."

Na tsaya. Ta leƙo allon, ita ma ba ta karanta boko, amma ta san koren layin, ta kuma ga ba komai a gefensa.

"Ina ta tafi?" in ji ta.