Mairamu da Keken Mijinta

Ranar da Mairamu ta fara shigowa gidanmu a Yelwa, ina tsakar gida ina tankaɗe. Doguwa ce, siririya, ƙafafunta sun yi buɗu-buɗu da jar ƙasa, alamar ta sha tafiya. Ta ce an gaya mata muna da ɗakuna biyu na haya a sashen baya. Maigidana, Alhaji Zailani, yana shagon atamfofinsa a kasuwa, don haka ni na tashi na nuna mata.

Na saba da masu neman haya, ruwa da wuta da banɗaki su ne tambayarsu. Ita kuwa sau ɗaya ta leƙa ɗakunan ta fito.

"Hajiya, yaran gida nan wane makaranta suna zuwa?"

Hausarta irin ta mutanen Gude ce, ba ruwanta da raba mace da namiji. Na ce jikokina biyu suna firamaren da ke bayan layinmu.

"Suna ƙetare babban titi?"

"A'a, ta lungu suke bi."

"To malamai fa? Suna kaiwa lokacin tashi?"

Na ce wannan kam ban sani ba. Ta yi murmushi ta ce ita ta sani, don jiya da shekaranjiya tana gindin bishiyar darbejiya a ƙofar makarantar har aka tashi. Ta ga yara sun fito kafin malamai. Ta ga wata malama ta tsuguna tana ɗaura wa wani yaro igiyar takalmi. Ta kuma zagaya baya ta ga banɗakin 'yan mata yana da ƙofa.

Na ajiye rariya na shimfiɗa mata tabarma, don na ga wannan ba mai gaggawa ba ce. A nan ta ba ni labarinta. A Mugulbu aka haife ta, can ta yi aure, can gonarsu take. Mijinta, Matiyu, magini ne. Ya faɗo daga saman wani bene da suke ginawa, bayansa ya taɓu, sai da sanduna biyu yake iya takawa. 'Ya'yansu uku: Miracle ce babba, sai Zacharia, sai 'yar autarsu Margret. Ita Mairamu ba ta taɓa zama a aji ba. Tun da jinyar ta kwantar da mijin, sai ta ga ba abin da za ta bar wa yaran da ya wuce karatu, makarantar da ke kusa da su kuwa aji ya yi wa yara kaɗan, na baya ba sa ma jin malami.

Ta ce ta zagaya unguwanni da ƙafa. A Nassarawo ta sami gida mai kyau, har da rijiya, amma sai yaran sun ƙetare hanyar da manyan motocin shanu suke bi. A wata unguwar makarantar ta yi mata, hanyar zuwa gona ce yashi ya cinye. Daga ƙofarmu kuwa ta riga ta taka har gonar don ta ga hanya da idonta: kwalta ce har gada, sai hawa guda mai tsayi, sai burji.

"Napep ba shi shiga wajen gona namu," in ji ta. "Amma Baban Miracle yana da keke."

"Au, kin iya tuƙawa ke nan?"

"Ban iya ba tukuna, Hajiya."

Na dube ta. Mace ta ba wa arba'in baya, ta ɗora zaman iyalinta gaba ɗaya a kan abin da ba ta taɓa hawa ba. Da Alhaji ya dawo na ba shi labari, sai ya ce, "Adawiyya, a ba ta ɗakunan. Irin wannan ba a barin ta ta wuce wani gidan."

Suka tare ana saura 'yan makonni a fara ruwa. Keken tsoho ne, baƙi, irin mai sanda a tsakiya, fentinsa duk ya goge. Kullum da yamma sai a fito wa Matiyu da benci a filin da ke bayan gidanmu, ya zauna yana koya mata da baki.

"Maman Miracle, daina kallon ƙafarki! Dubi bishiyar can!"

Sai ta dubi bishiyar, ta nufe ta gadan-gadan ta kara mata. Ta faɗa kwata, ta goge gwiwa, wata rana sarƙa ta kama bakin zanenta ta yaga shi har cinya. Matan layi suka riƙa leƙe ta katanga suna dariya. Wata ta ce da ita ta haƙura, girma ya zo. Mairamu ta ce, "Girma ba shi noma gona." Ta ɗinka wando mai faɗi ta riƙa sawa a ƙarƙashin zane. Ranar da ta zagaya filin ba ta sa ƙafa a ƙasa ba, Matiyu ya ɗaga sandarsa sama yana ihu kamar an ci ƙwallo.

Daga nan rayuwarsu ta kama hanya. Da safe ta tura keken da hannu, yara uku na biye da ita har ƙofar makaranta, sai ta ga shigarsu sannan ta hau, fartanya ɗaure a kariyar bayan keken. Kafin la'asar ta dawo da ganyen yakuwa, ko kuɓewa, ko damin itace wanda ya fi kanta tsawo. Ranar da aka tafka ruwa, napep suka yi cirko-cirko a laka, ita sai ga ta ta ratso ta tsakaninsu, jiƙe sharkaf, tana gaishe da direbobi. Matiyu kuma, da yake shi ke yi wa keken faci a ƙofar gida, sai 'yan unguwa suka fara kawo nasu. Kafin shekara ta zagayo ya kafa rumfa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman yamma. Ko ta dawo a gajiye, sai ta wanke ƙafa ta zauna, ta ce kowa ya kawo abin da aka koya masa yau. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma fuskar yaro take karantawa. In Zacharia ya fara sauri yana haɗiye kalma, sai ta ce, "Koma baya, wannan wuri ba ka gane ba." Kuma gaskiyarta ne. Jikokina suka riƙa ɗaukar jakunkunansu suna tafiya can, har Malama Huda, wadda ke koyar da su, ta tare ni a gidan suna tana tambayar wa ke yi musu bita.

A kaka ta uku, dawa ta yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Wata safiya na ji Matiyu yana cewa, ba da wata manufa ba, rabonsa da ganin gonar tun kafin ya faɗi. Sai Mairamu ta kai keken wajen mai walda, aka ƙara wa kariyar ƙarfe, aka yi wurin ɗora ƙafa hagu da dama, ta naɗe bargo ta ɗaure a kai. Ran Asabar ta zo ta ce in fito mu je ganin gona, ni da Miracle a napep, su kuma a keke.

"Ke! Namiji ne fa guda, ga hawa," na ce.

"Buhun masara ya fi shi nauyi, Hajiya. Shi kuma yana riƙe ni, buhu ba shi riƙewa."

Layinmu kaf aka fito. Alhaji da kansa ya kama Matiyu ya ɗora shi. Keken ya yi tangal-tangal, ta danne shi, suka miƙe. Muna biye a hankali har muka haye gada, mayo, wato kogin, ya ja baya sai tsibiran yashi. Da muka iso hawan nan, direbanmu ya ce lallai a nan za ta sauka. Ba ta sauka ba. Ta miƙe tsaye a kan feda, jijiyoyin wuyanta suka tashi, zufa na ɗiga a haɓarta, keken na tafiya kamar zai tsaya amma bai tsaya ba. Matiyu ya rungume ƙugunta ya soma wata waƙar coci da yarensu, ita kuma tana taka feda daidai da waƙar. Wani mai tura baro ya saki baronsa yana kallo. Direbanmu ya ce, "Ikon Allah!" Ni kuwa sai na ji Miracle ta damƙe hannuna.

Inda burji ya ƙare muka sauka muka ƙarasa da ƙafa. Muka tarar ta riga ta sauke shi a bakin gona. Dawa ta fi mutum tsawo, zangarniya ta sunkuya don nauyi. Ya dogara sandunansa ya shiga tsakanin kunyoyi shi kaɗai, ya daɗe a ciki. Da ya fito idonsa ya yi ja, ya riƙo zangarniya guda ya miƙa mini.

"Hajiya, duk wannan ita kaɗai ta yi."

"Ba ni kaɗai ba," in ji Mairamu, tana fifita da gefen ɗankwalinta. "Wa yake gyara min taya?"

Yanzu Miracle tana karatun aikin jinya, Zacharia yana ajin ƙarshe a sakandare. Mata huɗu a layinmu sun sayi keke, ciki har da wadda ta ce girma ya zo. Bana Mairamu ta ƙara da waken suya a gefen mayo, tana ta matsa mini in je in gani. Ciwon gwiwa ne ya hana ni, amma na yi mata alkawari in an yi girbi zan daure.