Hannun da ke Miƙo wa 'Yata Alewa

Shekarun baya, aiki ya kai maigidana Roni, muka kama hayar wani gida a bakin gari. Bayan ɗakinmu akwai tsohuwar katangar ƙasa, ƙetarenta kuma kango ne da ciyawa ta cinye. Kowa ya ce mana babu mai zama a ciki.

'Yata lokacin ba ta shiga makaranta ba. Ni kuwa ina cikin iyayen nan masu cika baki cewa 'ya'yansu ba sa shan zaƙi. Ko baƙo ya ba ta minti, karɓewa nake yi.

Sai na lura kullum da tsakar rana, gari ya yi tsit, takan sulale bayan ɗaki. Ina jiyo ta tana magana ƙasa-ƙasa, tana dariya. Na leƙa, ita kaɗai, ta fuskanci katanga.

Na ce, "Ke da wa kike hira?"

Ta ce, "Ni da Hannu."

"Hannun wa?"

"Hannu kawai, Umma. Ba shi da fuska."

Ba a daɗe ba haƙoranta na gaba suka fara baƙi daga gindi, bakinta yana wari, ta daina tauna nama, ko ruwan randa ta sha sai ta fasa kuka. Na kira mahaifiyata a waya. Ta ce, "Yarinyar da ba ta shan zaƙi, haƙori ya ruɓe? Ki dage da addu'a, ki hana ta zuwa wurin nan." Na hana, na yi tofi, na yi turare. Da na kau da ido ta koma.

Ranar da na yi ƙarfin hali, na laɓe bayan buhunan gero. Ta zo ta tsuguna. Can ƙasan katangar, ta wata kafa da ruwan sama ya huda, sai ga hannu ya fito a hankali. Siriri, fata duk ta yamushe, da tsohon awarwaro yana lilo. Ya buɗe tafi, alewar madara ce a ciki. Wata murya ta kira 'yata da sunan da ba nata ba.

Kunya ba za ta hana ni faɗa ba: da gudu na fita waje ina salati, na bar yarinyar a wurin.

Maƙwabciyata ce ta riƙe ni, ta ja ni muka zagaya cikin kangon. Ashe akwai ɗaki guda da bai faɗi ba. Wata tsohuwa ce a ciki, idonta ya kusa tafiya, hankalinta ma yana zuwa yana komawa. Jikanta ɗan acaɓa ne, shi ke kawo mata abinci da alewa. Sunan da take kira na 'yarta ne da ƙyanda ta kashe tun tana ƙarama.

Na durƙusa na ce, "Iya, ina wuni? 'Yata ce kike ba alewa."

Ta yi murmushi, bakinta babu haƙori ko ɗaya. Ta ce, "Ai ta dawo. Yunwa take ji."

Washegari muka tafi asibiti a Kazaure. Likitar haƙori ta haska bakin, ta tambayi 'yata inda take ajiye alewar. Ta nuna kumatunta. Ashe a nan take ɓoye ta don kada in gani, ta yi barcin rana da ita a baki. Likitar ta ce, "Hajiya, ba aljani ba ne. Sukari ne ke daɗewa a kan haƙori, ƙwayoyin cuta su ci, su huda shi. Kina goge mata baki kafin ta kwanta?" Na ce a'a. A tunanina haƙoran yarinta ne, za su zube. Ta ce ruɓarsu tana iya taɓa waɗanda ke tahowa a ƙasa. Aka cire waɗanda suka lalace, aka cike sauran, 'yata tana riƙe da mayafina tana kuka.

Ban toshe kafar ba, zuciyata ta kasa. Na roƙi jikan ya riƙa sayo wa tsohuwar gyaɗa maimakon alewa, ita kuma 'yata na saya mata buroshi da man goge baki, safe da dare ina tsaye a kanta. Haka tsohuwar ta ci gaba da miƙo gyaɗa har Allah ya karɓi ranta.

Yanzu 'yata ta girma, haƙoranta fes. Abin da na koya shi ne, hana yaro zaƙi kaɗai bai isa ba, sai kana buɗe bakinsa kana dubawa, kana goge masa. Na taɓa tambayarta ko tana tuna tsohuwar. Ta ce, "Na tuna. Amma Umma, ba ita kaɗai ke magana a bayan katangar ba. Akwai wata yarinya da ke amsa mata."

Ban sake tambayarta ba.